Taliya da Tumatir Zalla

Iya Hureira ba ta zo Kuala Lumpur don ta daɗe ba. Autarta Bashira ce ta haihu, haihuwar fari, mijinta Abdulbasit kuma yana tsakiyar karatun digirinsa na uku, ba halin ya mai da ita gida wanka. Shi ya sa aka nema wa tsohuwar biza, ta ƙulle geronta da kanwa da kuka da daddawa, ta bar mijinta Malam Halliru a Rano a hannun Ramatu, matar babban ɗansu Abdussalam. A ƙofar gida Malam bai ce mata komai ba sai Allah ya kiyaye hanya, a shafa masa kan jaririya. Ita kuma ta ce kada a manta da ba awaki dusa. Haka suka saba. Tare suka tsufa, amma hirarsu ba ta taɓa wuce ta cefane da lafiyar yara ba.

An shirya da an yi arba'in za ta koma. Ba a kai ga arba'in ɗin ba aka rufe ƙasar saboda korona, jirage suka daina tashi, aka ce kowa ya zauna inda yake.

Gidan su Bashira a unguwar Taman Melati yake, can sama a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. Idan Iya ta leƙa ta taga sai ta ga jirgin ƙasan nan da ke bi ta kan gada yana wucewa ba kowa a cikinsa. An rufe masallatai. Maigida kaɗai aka yarda ya fita cefane, shi ma da takunkumi a fuska. Amma abin da ya fi takura mata ba annobar ba ce, zama da suruki ne a wuri kamar akurki. Ba ta iya cin abinci a gabansa, ba ta iya miƙe ƙafa. Shi ma bawan Allah da safe zai zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya shige ɗaki wurin kwamfutarsa, ba zai fito ba sai ya tabbata ta gama cin abin da za ta ci.

Idan ta gama dama wa Bashira kunun kanwa, ta yi wa jaririya Mubina wanka, ba ta da sauran aiki sai zama gaban talabijin. Tashoshin kuwa daga masu Malayanci sai masu Sinanci sai masu Indiyanci. Kallon bakinsu kawai take yi har gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Wata rana bayan azahar Bashira ta bar akwatin a wata tasha ta shiga ɗaki shayarwa. Wani ƙaton Bature ne mai saje, a cikin wata 'yar mota da ta yi masa kaɗan, yana hawa duwatsu yana gangarawa, yana shiga garuruwa masu lunguna kamar na cikin birni. Ya tsaya a wani gida, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta tarbe shi, ta ja shi kicin. Ta zuba fulawa a kan tebur, ta yi rami a tsakiya, ta fasa ƙwai, ta shiga murzawa da tafin hannu. Iya ta gyara zama. Da tsohuwar ta ɗauko wani ɗan inji mai mariƙi ta ɗaure shi a bakin tebur, ta fara juyawa, zare-zaren ƙullu suna fitowa, sai Iya ta ƙwala wa Bashira kira.

"Auta, zo ki ga ikon Allah. Wannan ai taliyar murji ce."

Shekaru ta yi tana wannan sana'a a Rano, da injinta iri ɗaya da wannan, tana shanya taliyar a igiya a tsakar gida, yaran makaranta suna saye da manja da yaji. Bashira ta yi dariya ta ce ai ƙasar ma sunanta Italiya, ana cewa daga can sunan taliya ya samo asali. Iya ta ce ita dai ba ta taɓa jin haka ba, amma tsohuwar nan ta iya murji, hannunta ya nuna.

Tun daga ranar ba ta yarda shirin ya wuce ta. Ta raɗa wa Baturen suna Sarkin Ci, don bai taɓa shiga gida ya fito bai lashe kwano ba. Da farko Bashira tana fassara mata Turancinsa, daga baya Iya ta ce a bar ta, girki ba ya buƙatar tafinta. Tana yi wa tsofaffin matan magana kamar suna jin ta. Wannan ta cika ruwa a ƙullu. Waccan ta yi rowar gishiri. Ganyen da suke tsinkewa a kan miya ta gane shi, ɗoɗɗoya ce. Abin da suke gogawa a kai kamar sabulun wanki, aka ce mata cuku ne, ta ce Allah ya ba su lafiya. Idan aka kawo giya ko naman alade sai ta kau da kai, ta rufe wa Mubina fuska da gefen mayafi har a wuce wurin.

Kullum da la'asar ɗinta, wadda ta yi daidai da hantsin Rano, Ramatu takan kai wa Malam waya su gaisa. Gaisuwar ba ta da tsawo: an tashi lafiya, ya jikin mai jego, ya awaki. Ran nan, don dai ta rasa abin cewa, Iya ta ce masa ta ga mutanen Italiya suna murza taliya a talabijin. Sai ta ji wata dariya da ta manta yana da ita.

Ya ce ai shi ya san su. Ta san kafin aurensu ya yi tuƙin tifa a wani kamfanin gina hanya, amma ba ta taɓa tambayar su wane ne masu kamfanin ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ashe Italiyawa ne. Ya ba ta labarin wani bakanikensu mai suna Aldo, gajere mai faɗa, wanda idan ransa ya ɓaci yakan jefar da sifana ya yi ta magana da hannuwa, idan ya huce kuma ya jawo Malam gindin bishiya su ci abinci a kwano ɗaya. Ya ce kalma biyu ya riƙe daga bakinsa: manja, wato ci, da piyano-piyano, wato sannu-sannu. Iya ta ce to ai ga shi, su ma sun san manja, me ya hana su zubawa? Malam ya yi dariya har ya ƙware.

Daga nan wayar ta sauya. Iya takan kalli shirin da idon mai kai rahoto, tana tara abin da za ta faɗa masa. Ta ba shi labarin garin da titunansa ruwa ne, ana zuwa kasuwa a kwalekwale. Ta ba shi na masunta masu ɗinkin koma a bakin teku, da na wani tsoho da ke bin karensa cikin daji yana tono wani abu kamar rogon daji, wai ya fi nama tsada. Malam yakan tsayar da ita ya yi tambaya, wani lokaci ya yi gardama, ya ce Aldo bai taɓa faɗa masa haka ba. Har Ramatu ta fara ajiye masa wayar ta tafi aikinta, don ta san ba yanzu za a gama ba. Bashira kuwa takan ɗauki jaririya ta shige ɗaki tana murmushi, don ta ji mahaifinta ya fara kiran uwarta Hure, sunan da ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

A cikin irin wannan hira ne ya ce mata, shi fa duk taliyar da ya ci a duniya babu kamar ta Aldo: tumatir zalla, da ɗan mai da tafarnuwa, ba yaji ba manja. Iya ta ce shekara da shekaru tana tura masa tata da manja, me ya sa bai taɓa faɗa ba? Ya ce ina shi ina shiga sha'anin madafa, kuma ai tata ma da daɗi.

Ta ce, "To bari in dawo, Malam. Zan yi maka irin ta abokin naka."

Washegari ta aika Bashira ta gaya wa mijinta ya ƙaro fulawa da ƙwai da tumatir a cefane. Ba inji, sai ta wanke kwalba ta murza ƙullun da ita yadda ta ga wata tsohuwa ta yi da muciya, ta naɗe, ta yanka siri-siri da wuƙa. Ta farko ta caɓe. Ta biyu ta yi tauri. Ta uku Abdulbasit ya ci ya ƙara, ya fito har falo ya durƙusa ya ce Iya, wannan ko a kantin Turawa sai haka. Ranar ce ta fara cin abinci yana falon, ta dai juya masa baya.

Wani yammaci ana labarai aka nuno Italiya. Ta gane lungunan, amma babu kowa a cikinsu, sai motocin sojoji a jere. Ta tambayi Bashira me suka ɗauko, Bashira ta ce gawawwaki ne, cutar ta fi kama tsofaffi a can. Iya ta yi salati. Ta ce to su tsofaffin nan nata fa, da Sarkin Ci yake shiga gidajensu ba takunkumi? Abdulbasit ya ce mata shirin tsoho ne, an ɗauke shi shekarun baya, maimaitawa ake yi. Ita duk a zatonta abin da take gani yau, yau ake yin sa. Ranar ba ta ba Malam labarin komai ba, ta dai ce masa ya rage zama a majalisa.

Azumi ya kama. Labarai suka fara zuwa daga Kano cewa dattawa suna ta rasuwa, yau wane gobe wane, masu haƙar kabari sun gaji. Malam ya ce mata su a Rano lafiya lau, mura ce kawai ta ɗan taɓa shi. Abin da ya dame shi, in ji shi, girkin Ramatu ne. Kunun buɗa-baki kamar ruwa, ƙosai kamar auduga, miya ko ƙamshin daddawa babu.

Ya ce, "Tun da kika tafi abinci ya daina daɗi, Hure. Yanzu kam ko ɗanɗanonsa ba na ji."

Iya ta ji wani sanyi a ranta irin wanda ba ta ji ba tun tana amarya. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce ya yi haƙuri, ta kusa dawowa. Da Ramatu ta karɓi wayar kuwa Iya ta wanke ta tas: yarinya ta bar tsoho da azumi a baki ba ta iya tsayawa ta gyara masa miya, in gishiri ne ya ƙare a faɗa, in ganda ce a daina. Ramatu ba ta ce komai ba sai to Iya, a yi haƙuri.

Bashira da mijinta suna falon. Iya ta ga sun kalli juna, ta ga Abdulbasit ya tashi ya shiga ɗaki da wayarsa, amma ta ɗauka kunyar maganar tsofaffi ce ta kore shi.

Kwanakin da suka biyo baya wayar ta gajarce. Malam yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. Ya ce ta ci gaba da ba shi labarin, shi zai saurara. Ta ba shi na wasu mata da ke shanya tumatir a kan rufin ɗaki kamar yadda ake shanya kauɗa. Daga baya Abdussalam ne yake ɗauka, ya ce Baba yana barci, ko an tafi da shi a yi masa allura. Ba wanda ya gaya mata an kai shi wani asibiti an ce ba gado, an dawo da shi gida.

Ranar da abin ya faru, Sarkin Ci ya je wani gari da ake bikin kamun kifi, Iya ta tara labari mai yawa. Ta yi sallar la'asar ta zauna da waya a cinya. Sai ga Abdulbasit ya fito daga ɗaki da doguwar riga da hula, kamar mai shirin zuwa masallaci, alhali ba masallacin zuwa. Ya durƙusa nesa da ita. Bashira ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba ta ɗauko jaririyar ba. Ya fara da cewa dukkan mai rai mamaci ne, ya kawo aya.

Iya ta ce, "Abdulbasit, faɗa mini kawai." Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar.

Ya ce Allah ya yi wa Baba rasuwa da asubahin can, har an kai shi.

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta sake faɗa, ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali. Ta tambaya ko ya samu mutane. Ya ce an samu daidai gwargwado, an hana taro. Ta tambaya wa ya yi masa wanka, ya faɗa mata. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, Bashira ta bi ta, suka rungume juna, abin da ba su taɓa yi ba tun Bashira tana goye.

A wannan ɗaki ta yi takaba. Ba zaman makoki, ba tabarmi a tsakar gida, ba maƙwabciya da za ta zauna kusa da ita ta yi shiru tare da ita. Gaisuwa ta waya ake yi, murya tana yankewa. Matan 'yan Najeriya da ke benen sukan aiko da abinci a rataye a ƙofa, su ƙwanƙwasa su tafi. Wata tsohuwa Bamalayiya da ke ɗakin da ke kallon nasu, wadda ba su taɓa haɗa kalma ba, kullum kafin magariba takan ajiye ɗan kwanon kunun shinkafa, idan Iya ta buɗe ƙofa ta tsaya daga nesa ta dafa ƙirji. Aka yi Sallah ƙarama ba wanda ya fita. Ba ta ce a kashe talabijin ba, amma ba wanda ya ƙara kai shi tashar nan.

Bayan Sallah ne, suna zaune tana tsefe wa Bashira kai, ta ce har yanzu abin da ke ci mata rai shi ne Malam ya tafi bai samu abincin kirki ba a kwanakinsa na ƙarshe. Bashira ta ce, cikin taka-tsantsan, ba laifin Ramatu ba ne. Cutar ce haka take, takan ɗauke wa mutum ɗanɗano da jin ƙamshi. Tun ranar da ya faɗi haka Abdulbasit ya gane, ya kira Abdussalam ya ce a nemi likita.

Hannun Iya ya tsaya a cikin gashin. Ta tuna dariyar da ta yi, da yadda ta kwana ranar tana juya maganar a ranta tana jin daɗi. Mutum yana gaya mata ciwonsa, ita ta ɗauka zance yake yi mata. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ƙarasa tsifar, ta ce a kira mata Ramatu.

Ta ce, "Ramatu, na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah."

Ramatu ta fashe da kuka ta ce ba komai, ita ma a lokacin ta ɗauka hannunta ne ya lalace, har gidan maƙwabta ta je a ɗanɗana mata miya. Da suka natsu sai ta shiga ba Iya labarin abin da ba ta sani ba. Ta ce kullum Baba ya gama waya da ita, sai ya ɗauki buzunsa ya fita ƙofar gida ya mayar wa abokansa labarin kaf, garin ruwa da kwalekwale da tsoho mai kare, kamar shi ya je ya gani, yana cewa in ji mai ɗakina da ke Malesiya. Ta ce ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ya sa ta sayo taliyar leda ta dafa masa da tumatir zalla. Ya kai cokali biyu ya ajiye, ya ce ba ya jin komai, a rufe a ba yara, ta gaske tana nan zuwa.

Nan ne kukan ya zo wa Iya, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwar. Abdulbasit ya fito ya ɗauki Mubina ya fita da ita baranda, ya ja ƙofa.

Sai da ta fita takaba da 'yan makonni aka buɗe hanya. Abdulbasit ya raka ta filin jirgi, shi kaɗai aka bari, ya durƙusa a gaban mutane ya ce ta yafe musu, su suka raba ta da gida. Ta ce ba su ba ne, haka Allah ya rubuta, ya riƙe mata Auta da amana. Aka yi mata gwaji a can, aka sake yi a Abuja, ta yi zaman da aka ce ta yi, sannan Abdussalam ya zo ya ɗauke ta.

Ta tarar damina ta wuce, an yi girbi. An share ɗakin Malam an kulle, an raba tufafinsa. Ta tambayi Abdussalam inda aka sa shi, ya ce daga gabas, kusa da katanga, sai dai sababbin kaburbura sun yi yawa a wurin, shi ma sai ya lura sosai yake gane shi.

Mata suka yi ta shigowa yi mata gaisuwa da sannu da zuwa a haɗe. Sukan ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan Malam, su shafa fatiha. Daga nan sai hira ta koma kan tsadar masara, da bikin 'yar wance da za a yi bayan Mauludi, da tambayar ko gaskiya ne a Malesiya shinkafa ake ci safe da rana da dare. Ba ta ga laifinsu ba. Su sun yi kukansu tun watannin baya sun share hawaye, a wurinsu Malam Halliru ya daɗe da rasuwa. Ita kuwa ranar ce ta fara shiga gidan ba ya ciki. Ta amsa musu abin da za ta iya amsawa, har Ramatu ta lura, ta zo ta ce wa baƙin Iya ta gaji da hanya, ta kama hannunta ta kai ta ɗaki.